Ba a Mayar da Kiɗa Sai Gida Ya Amsa

Shekara ashirin ke nan ina ɗaukar wa Bira lasifika, kuma in aka tambaye ni abin da na samu, sai dai in nuna bayana da ke ciwo. Sunansa na takarda Ubirajara, amma a unguwarmu, Vila Candinha, ko uwarsa ba ta wahalar da bakinta da wannan dogon suna. Kwandastan bas ne, a layin da ke gangarowa daga tudunmu zuwa tashar jirgin ƙasa, nan kudancin São Paulo. Ni kuma Delei, mai gyaran rediyo da talabijin a bakin kasuwa. Shi ke rap, ni ke ba shi kiɗa.

A kan kujerar kwandasta ya rubuta duk abin da ya taɓa rerawa. Tsakanin wannan tsayawa da waccan zai zaro littafi daga aljihu, ya rubuta layi ɗaya, ya mayar, ya ba mutum canjinsa, bakinsa na motsi. Wata tsohuwa ta taɓa zaton addu'a yake, ta ce masa amin. Ya yi waƙa a kan kuɗin bas, ya yi a kan kwatar da ’yan takara ke zuwa ɗaukar hoto a bakinta duk shekarar zaɓe, ya yi a kan asibitin da aka buɗe ba likita. A shagona muke buga faifan, shi kuma ya sayar a cikin mota, ga duk wanda ya ga fuskarsa ta yi kama da mai jin haushi. A layinmu kuwa masu irin wannan fuska ba sa ƙarewa.

Amma waƙar da ta ci mana rayuwa ita ce Rajista.

A shekararmu ta uku da farawa, cikin mako guda aka kashe mana samari bakwai. Kowa ya san kakin da ke jikin waɗanda suka yi, rahoto kuma ya ce samarin sun yi turjiya. Bira ya zauna ya yi wa kowannensu baiti: aikin da yake yi, abin da yake so, inda aka same shi, sannan sunansa. Har yanzu baitin farko yana kaina:

Jarida ta ce ɓarawo, uwarsa ta ce birkila,
simintin hannunsa bai bushe ba suka ɗora masa bindiga.

Ranar wata Lahadi, bayan an tashi ƙwallo a filin ƙasar nan na unguwa, muka rera ta karon farko. Bira na kiran sunan farko, sai wayar da na janyo daga gidan maƙwabci ta zare. Kiɗa ya ɗauke. Ina durƙushe ina laluben waya, ina zagin kaina, sai na ji muryar kakar yaron daga bayan raga ta ce, “Yana nan.” Ba da ƙarfi ba. Fili ya yi tsit, sannan kowa ya amsa, “Yana nan!”

Daga sakacina aka samu doka. Duk sunan da Bira ya kira, sai in sauke kiɗa gaba ɗaya, kuma ba na mayar da shi sai an ji muryar wani daga gidan mamacin. Bayansa jama’a su amsa, sannan a wuce. Wata uwar nan take take faɗa. Wata sai ta share hawaye, ta gyara murya, ta sake sharewa. Wanda danginsa suka tashi daga unguwa, akwai maƙwabcin da ya gaji amsarsa. Kuma sunayen a jere suke yadda masu su suka faɗi, na farko farko, na ƙarshe ƙarshe.

Matsalar ita ce waƙar ba ta daina girma ba. Daga bakwai ta koma sha biyu, ta koma ashirin. Wace tashar rediyo ce za ta sa waƙar da kashi ɗaya cikin ukunta shiru ne? Wani mai kamfanin faifai ya taɓa hawo tudunmu da kansa, takalminsa fari ya koma ja. Ya ce muryar Bira zinariya ce. Ya ce a rage Rajista ta dawo minti huɗu, a bar suna biyar, sauran a rubuta su a bayan kwalin faifai.

Bira ya ce, “A bayan kwali? Kusa da sunan mai ɗaukar hoto?”

Mutumin ya ce, “Mano, ɗan’uwa, ka gane, kasuwa ce.”

“Ga mai suyar pastel can, irin samosar nan, Delei zai saya maka, ka ci kafin ka gangara. Bas ɗin ƙarfe huɗu nawa ne, ba zan karɓi kuɗinka ba.”

Ni na sayi pastel ɗin kuwa, da ruwan rake, ina kallon arzikinmu yana lashe yatsu yana tafiya. Ranar na yi kamar in fasa lasifikar a kan Bira. Wani kansila ma ya nemi mu hau motar kamfen ɗinsa, Bira ya ce zai hau in an yarda ya fara da waƙar kwata. Yaran da suka koyi riƙe makirfo a filinmu sun fita a talabijin, ni na gyara talabijin ɗin da na gan su a ciki. Matata Neide kan ce, “Ina dai tauraro? A kawo ruwan zafi ne ko man shafawa?”

Kada a ɗauka ban yarda da waƙar ba. Uku daga cikin sunayen nan tare muka yi makaranta. Abin da ke ci mini rai shi ne shekara da shekaru muna gaya wa mutanen da suka riga suka sani. Mu muke mutuwa, mu muke rerawa, mu muke amsawa, sannan mu kwashe wayoyinmu mu koma gida. Can ƙasa cikin gari, inda ake sa hannu a rahoton turjiya, ko tari ba wanda ya yi.

Jailson shi ne na arba’in da ɗaya. Tukunyar gas yake kai wa mutane gida a kan babur, shekararsa goma sha tara. Da tsakar rana aka tare shi, takardar odar da zai kai tana aljihunsa. Uwarsa, Dona Zuleide, wanki da guga take yi wa mutanen cikin gari, mace mai magana ƙasa-ƙasa ko a lokacin daɗi. Bayan jana’iza ta daina faɗin sunansa. Sai dai ta ce “yaron”. Wata huɗu muna rera Rajista ba baitinsa, domin Bira ba ya sa suna sai gida ya yarda.

Cikin watannin nan ne takardar gayyata ta zo. Babban bikin kiɗa a tsakiyar gari, dandamali mai tsawon bene, wani banki ke ɗaukar nauyi. Sun ware ranar Lahadi da ƙarfe biyu don “muryoyin gefen gari”, haka suka rubuta. Minti goma sha biyar. An ja layi a ƙarƙashin wannan: lokaci na cika za a kashe makirfo.

Na ruga tasha na same shi yana cin shinkafa da wake a cikin bas.

“Mano, sha biyar ne fa. Rajista ashirin da biyu ce, in ma tsofaffin ba su yi kuka da yawa ba.”

“To?”

“To me? Kai da ke lissafin canjin mutum tamanin a ka, wannan ne zai gagare ka? Mu yi ta kuɗin bas da ta kwata, mu sauko da mutuncinmu.”

“Sau ɗaya a rayuwa a ba ni kunnen mutanen nan, in tsaya ina ba su labarin kwata?”

“To rage sunayen.”

Ya ajiye cokali, ya zaro littafin ya miƙo mini. “Zaɓi. Wanda ka cire, kai za ka je ka gaya wa uwarsa da bakinka.”

“Kai dai kanka ya fi tayar bas ɗin nan tauri.”

“Su kashe makirfon. In sun kashe, gari ya ga sun kashe.”

“A suna na nawa? Ashirin da takwas? Sauran sha ukun fa, su biyo mu gida?”

Ya ci gaba da cin abincinsa kamar da kwanon nake magana.

Kwana biyu bayan nan ya ja ni gidan Dona Zuleide. Ta ba mu kofi mai sukari da yawa, ta zauna a bakin gado da hannuwa a cinya. Bira ya karanta mata baitin, a hankali, ba kiɗa. Da ya zo sunan sai ya tsaya, bai faɗa ba. Ta sunkuyar da kai.

“A can ƙasa kuka ce? Inda manyan suke?”

“A can, Dona Zuleide.”

“To su ji. Su ji ba ɓarawo na haifa ba.” Ta ɗago. “Amma ’ya’yana, ni mai nawa ce. Ban sani ba ko muryar za ta fito. Sai kun yi mini haƙuri.”

Bira ya ce, “Ko zuwa gobe ne za mu jira ki.”

Ina riƙe da kofi na ji wannan alkawari, kuma na san ba shi da inda zai zauna a cikin minti goma sha biyar. Da muka fito na ce, “Ka dawo da Jailson gaba mana, ka sa shi na farko, a huta.”

Ya ce, “Ba ni na jera su ba.”

Gaba kura, baya sayaki. In na jira gidaje, za a kashe mu kafin a kai ga ɗanta, ta yi tafiyar banza. In ban jira ba, kowa zai ji sunansa. Ƙarya nake in na ce a kan dandamali tunanin ya zo mini. A shagona na auna, ƙofa a rufe, har sau uku: Rajista ba tare da shiru ba, minti goma sha huɗu da daƙiƙa arba’in da ’yan kai. Ban gaya wa kowa ba, ko Neide.

Ranar, bas biyu muka cika. Iyaye mata da riguna masu hoton ’ya’yansu, da kulolin abinci, da lema. Dona Zuleide ta ɗora rigar hoton a kan kayanta na zuwa coci. Da muka isa, sai ga shingen ƙarfe a gaban dandamali, an keɓe wurin don baƙin banki, su ashirin da wani abu suna shan abin sanyi a filin da zai ɗauki ɗari biyar. Mutanenmu aka tura su can baya, bayan dubban samari. Daga sama, rigunansu kawai nake hangowa. Na ce a raina, ka gani ko, daga nan ko ihu suka yi wa zai ji? Da wannan na lallashi zuciyata.

Wata mata mai abin magana a kunne ta nuna mana agogo a gindin dandamali, babba, mai jajayen lambobi masu komawa baya. “Sifili na yi, shi ke nan, kun ji ko?”

Na saki kiɗa. Bira ya shiga kamar an kwance shi daga ɗauri. Ban taɓa jin muryarsa a cikin lasifika irin waɗannan ba, har cikin haƙarƙarina nake jin ta. Ya yi baitin birkila, ya kira sunan, ya sauke makirfo zuwa ƙirjinsa yadda ya saba.

Hannuna yana kan maɓallin. Ban sauke ba.

Ya waiwayo ya dube ni. Kiɗa ya zagayo inda baiti na biyu ke shiga, kuma bakin da ya shekara goma sha huɗu yana faɗawa a kan wannan bugu bai iya barinsa ya wuce ba. Ya shiga. Daga nan babu sauran tsayawa. Samarin gari suka kama abin nan da nan, hannuwa sama, suna tsalle, suna rafka “Yana nan!” a kan bugu kamar amshin kowace waƙa, wani lokaci ma tun sunan bai gama fita ba. Suna na ashirin, suna na talatin. Ina kallon agogo ina zufa, kuma Allah ya sani, daɗi nake ji. Ga gari yana jin mu.

Bira ya zo kan tukunyar gas, da babur, da takardar oda a aljihu. Ya ce, “Jailson.” Saura daƙiƙa ashirin da biyar. Na sako amshin rufewa a kai.

Mun sauka saura daƙiƙa goma sha biyu. Matar nan ta ɗaga mana babban yatsa. “Ku kaɗai kuka kiyaye lokaci yau!” Wani mai kyamara ya nemi lambar Bira. Bira ya wuce shi, ya wuce ni, bai ko share zufa ba.

A cikin bas na same su. Kakar birkilan nan ta rasu tuntuni, ƙanwarsa ce ta gaji amsar, ita ce ta kawar da ƙafarta don in wuce ba tare da ta dube ni ba. Dona Zuleide tana kujerar gaba, ta cire rigar hoton ta ninke a cinya.

Ta ce, “Delei, ɗana, kiɗan ya yi daɗi.”

“Dona Zuleide, agogon ne, da ban yi haka ba da ba a kai ga...”

“Kun kira shi, na ji. Na faɗa ma. Sai na ga ba ni kuke jira ba.”

Na so a ce zagina ta yi. Na koma baya na zauna a kan lasifika. Can Bira ya zo ya tsaya a kaina, na shirya wa duk abin da zai faɗa, har amsoshina na jera. Sai ya ce, “Ni ma ai na shiga.” Ya koma kujerar kwandasta ya zauna, ko da yake ranar ba wanda zai biya.

Jarida ɗaya ta ba mu layi uku. Ta ce mun ƙayatar.

Lahadin da ta biyo muka koma filinmu, aka yi Rajista yadda ake yin ta. Na sauke kiɗa sau arba’in, gidaje arba’in suka amsa, wasu a daƙile. Bira ya kira Jailson. Na sauke. Aka waiga bayan raga, aka waiga bakin titi. Ba ta zo ba. Minti ɗaya, minti biyar. Hannuna ya motsa, Bira ya ce ta cikin makirfo, kowa na ji, “Kar ka taɓa.” Muka tsaya har mai pastel ya kashe wutarsa, mutane suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya.

Shekara uku ke nan. Duk Lahadin farkon wata muna yi, kuma a nan waƙar ke tsayawa. Masu kaki ba su tsaya ba. Akwai suna biyar a littafin bayan Jailson, an rubuta baitocinsu, gidajensu sun yarda, ba a taɓa kiran ko ɗaya ba. Uban ɗaya daga ciki ya zo shagona ya wanke ni tas, ya ce ɗansa ba a layin asibiti yake ba da za a ce ya jira. Gaskiyarsa ce. Na samu Bira a tasha na ce maƙwabciya ta amsa mata mana, kamar yadda ake yi wa waɗanda suka tashi.

“Ta tashi ne?”

“Ba ta tashi ba, amma...”

“Tana da rai, tana gida na huɗu daga famfo. Na ce mata ko zuwa gobe ne.”

“Goben nan ta wuce sau dubu, mano! Mutum biyar kake riƙe da su saboda taurin kanka!”

“Saboda namu,” ya ce, ya miƙa wa wata mata canjinta.

Wallahi wani lokaci nakan ji kamar in sayar da kayan kiɗan in huta. Na je wurin Dona Zuleide da kaina, ba sau ɗaya ba. Na gyara mata rediyo, na gyara dutsen guga. Kullum sai ta ba ni kofi. Ranar da na daure na roƙe ta, na ce kalma biyu ce kawai, ko daga bakin ƙofarta ne za mu sa a yi shiru har mu ji, sai ta dafa hannuna.

“Ba fushi nake ba, ɗana. Sau ɗaya muryar ta fito, ranar nan. Tun daga lokacin nake neman ta, ban same ta ba.”

Jiya Lahadi ce. Bira ya kira sunan, na sauke kiɗa. Mun jira minti arba’in, ruwan sama ne ya tashe mu. Ina rufe lasifika da leda na hango uwar na arba’in da biyu, ita kaɗai a bakin raga, da rigar hoto a jikinta ta jiƙe sharkaf. Ta zo da amsarta, ta koma gida da ita.